Allurar mai: abin da take faɗa wa direban a-kori-kura

A gareji, kalmar geji abu biyu take nufi. Akwai siririn ƙarfen nan da ake zarowa daga inji, a goge da tsumma, a sake tsomawa don a ga inda baƙin mai ya tsaya. Akwai kuma agogon da ke gaban direba, mai allura da hoton 'yar buta tana ɗigo. Da yawa daga masu tuƙa a-kori-kura mai shan gas suna ɗauka aikinsu ɗaya ne, alhali na farkon yawan mai yake aunawa, na biyun kuwa ƙarfin da man ke tafiya da shi cikin inji. Mai na iya cika geji taf, inji kuma ya buga saboda man bai isa inda ake buƙatarsa ba.

Duk wanda ya taɓa ban ruwa da tiyo ya san sirrin. Idan ka toshe rabin bakin tiyo da yatsa, ruwa zai feso da ƙarfi. Ka ɗauke yatsan, ya koma zuba salalo-salalo, ko da yake famfon bai canza ba. Haka abin yake a inji. Famfon mai turawa kawai yake yi. Ƙarfin da allura ke nunawa yana samuwa ne saboda matsatsin da man ke ratsawa, musamman tsakanin karanshaf da metal, inda ratar ba ta wuce kaurin silin gashi ba. A wannan 'yar rata man ke shimfiɗa kansa ya hana ƙarfe gugar ƙarfe. Injin dizal, wato mai shan gas, ya fi na fetur matse iska, don haka nauyin da ke sauka a kan metal ya fi yawa, ga kuma tabo (turbo) a motocin da ke da shi, wanda ke juyi fiye da sau 100,000 a minti ɗaya a kan wannan man.

Ana rubuta awon da psi ko bar, kuma bar 1 ya yi daidai da psi 14.5. Makanikai suna da tsohon ƙiyasi: aƙalla psi 10 ga kowane juyi 1,000 na inji a minti. Amma kowane kamfani da nasa lissafin. Injin Cummins mai lita 5.9, wanda aka fara sa wa Dodge Ram a Amurka a 1989, mafi ƙarancin da aka yarda masa shi ne psi 10 a sulo, da psi 30 idan yana cikakken gudu. Tsofaffin injinan Hilux irin su 3L da 5L kuwa, littafin gyaransu ya amince da bar 0.3 a sulo, da wajen bar 3 zuwa sama a juyi 3,000. Ke nan lambar da za ta tsorata mai Dodge a sulo, lafiya lau ce ga mai Hilux.

Allura mai lafiya ba ta zama wuri guda. Da asubahin hunturu mai yana da kauri, sai ta haura sama har sai wani bawul ya buɗe ya rage ƙarfin. Inji na ɗaukar zafi man na tsinkewa, ita kuma tana sauka a hankali. A tsaye tana ƙasa, ka taka totur ta tashi. A zafin watan Afrilu a Sakkwato ko Agadas, da lodi a bayan mota, za ta ɗan yi ƙasa da inda ta saba. Duk wannan ba abin tashin hankali ba ne.

Abin dubawa shi ne sauyin hali. Idan tana faɗuwa a kwana ko lokacin taka birki sannan ta dawo, mai ya yi ƙasa, famfo na zuƙar iska. Idan wata bayan wata tana ƙara sauka a sulo bayan inji ya yi zafi, galibi metal ya cinye, rata ta buɗe, yatsa ya bar bakin tiyo. Idan ƙarfi na raguwa amma man na ƙaruwa a ƙarfen awo, har yana warin gas, to gas ne ke tsiyaya yana tsinka shi. Man da aka bari ya wuce lokacin juye kuma yakan zama dagwalo ya toshe rariyar da famfo ke zuƙa ta cikinta. Hawa sama fiye da ƙima bayan inji ya yi zafi ma ba alheri ba ne: ko man ya cika kauri, ko bawul ya maƙale.

Ita kanta allurar takan yaudari mutum. Motocin Ford da yawa a Amurka an yi su da allurar da ke zuwa tsakiya ta tsaya muddin ƙarfin ya wuce kimanin psi 7, kome ke faruwa a ciki. Mai irin wannan mota kallon kitse yake wa rogo. Jar fitilar mai ma, wadda ita kaɗai ce a motoci da yawa na yanzu, ba ta kamawa sai ƙarfin ya kusa ƙarewa. Shi ya sa makanikin kirki ba ya yanke hukunci da abin da ya gani a gaban sitiyari. Zai kwance sensa, ya ɗaura gejin hannu a gurbinta, ya auna a sulo da kuma a gudu bayan inji ya yi zafi. Sau da yawa sensa ce ko waya ta lalace, inji kuwa ras yake. A guji kuma dabarar nan ta zuba mai mai kauri don allura ta tashi: lamba za ta yi kyau, cinyewar metal tana nan.

Don haka, direba, san inda allurar motarka ke tsayawa da safe, da inda take tsayawa bayan tafiyar awa guda. Ranar da ta faɗi, ko fitila ta kama kana tafe, gangara gefe ka kashe inji nan take, kada ka ce bari in ƙarasa gari. Kuɗin janwe bai kai kuɗin sabon inji a kasuwar Ƙofar Ruwa ba.