Na'urar Auna Iskar Jini: Tsimin Batir da Ceton Rai

A lokacin hunturu, sa'ad da ƙura ta lulluɓe garuruwan Tambuwal da Kebbe a kudancin Jihar Sakkwato, tari da ciwon huhu sukan addabi ƙananan yara. Ma'aikacin ƙaramin asibiti sai ya tantance yaron da zai sha magani a gida da wanda za a garzaya da shi babban asibiti, kuma duba da ido kaɗai bai isa ba. Abin da ke taimaka masa shi ne oksimita, wata 'yar na'ura da ake maƙalawa a yatsa, wadda injiniya Takuo Aoyagi na ƙasar Japan ya gano dabarar aikinta a 1972.

Na'urar tana da ƙananan fitilu biyu, ɗaya ja, ɗaya kuma mai hasken infirared wanda ido ba ya gani. Jinin da ya ƙoshi da iskar oksijin ya fi shanye infirared, wanda ya rasa ta kuwa ya fi shanye jan haske. Daga hasken da ya ratsa yatsa ne na'urar ke yin lissafi. Mai lafiya yakan nuna kashi 95 zuwa 100 cikin ɗari. Idan awon yaro ya gaza 90, ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce a ba shi oksijin.

Fitilun nan ne suka fi cin batir, musamman a na'urorin da ake ɗaura wa majinyaci dare da rana. A ƙauyen da wutar lantarki ba ta da tabbas, mutuwar batir tana nufin komawa ga kirdado. Don haka injiniyoyi ba sa barin fitilun a kunne, walƙiya suke sa su yi. Fitilar da ke ci kashi ɗaya cikin ashirin na lokaci, kashi 5 cikin ɗari kawai take sha na wutar da za ta sha da an bar ta a kunne. Ana kuma rage yawan walƙiyar, tunda zuciyar baligi sau 60 zuwa 100 kacal take bugawa a minti. Bugu da ƙari, na'urar kan daidaita ƙarfin haskenta da kaurin yatsa.

Amma tsimin yana da iyaka. Idan haske ya yi rauni, awo yakan kauce, balle a yatsan da sanyi ya rage wa gudanar jini, ko a baƙar fata wadda ke shanye haske sosai. A 2020, masu bincike a Jami'ar Mishigan ta Amurka sun gano cewa na'urorin suna ɓoye ƙarancin oksijin a jikin baƙaƙen fata kusan ninki uku fiye da farare. Ke nan na'urar da ta dace da Tambuwal da Kebbe ita ce wadda batirinta ke jimrewa, aka kuma gwada ingancinta a kan irin fatar mutanen yankin.