Littafin da ake saurare da kunne: labarin iri

Akwai littafin da ake karantawa da ido. Akwai kuma wanda ake saurare da kunne. Mutum guda ya karanta littafin da ƙarfi, a ɗauki muryarsa, a sa cikin salula. Mai noma yana iya saurare a gona. Mace tana iya saurare tana sussuka. Makaho da tsoho ma suna samun rabonsu.

Cikin waɗannan littattafai akwai masu ba da tarihin iri da tsirrai. Masu saurarensu suna jin daɗinsu kamar tatsuniya, amma labarin gaskiya ne. Ga kaɗan daga abin da masana suka gano.

Asalin hatsi

Da can hatsi ciyawar daji ne. Idan ya nuna, sai ya zubar da tsabarsa ƙasa. Mutanen dauri suka riƙa zaɓen zangarniyar da ke riƙe tsabarta, suna shukawa. Shekara da shekaru suna haka, har aka samu hatsin da ke cikin rumbu yau. Masu tonon ƙasa sun samu alamun hatsin gida a kwarin Tilemsi, a arewacin Mali, masu shekara wajen 4500. Daga Afirka ne hatsi ya tafi Indiya.

Shibrar da ke fitowa cikin gona shaida ce. Ta gaji halin hatsin daji, shi ya sa take zubar da tsaba.

Dawa ma ƴar Afirka ce. An samu tsofaffin alamunta a gabashin Sudan. Wake shi ma ɗan gida ne. Amma masara, gujiya da rogo baƙi ne. Masara daga Meziko ta fito. Gujiya da rogo daga Amurka ta Kudu. Jiragen ruwan Turawa suka kawo su Afirka bayan shekarar 1492.

Waɗanda suka tsare iri da ransu

A birnin Leningrad na ƙasar Rasha, wani masani mai suna Nikolai Vavilov ya tara iri daga ƙasashe da yawa. Daga 1941 zuwa 1944 sojojin Jamus suka kewaye birnin, kusan kwana 900. Yunwa ta kashe mutane ba iyaka. Ma'aikatan gidan irin suna zaune da shinkafa da gujiya a gabansu, amma suka ƙi ci. Waɗansu daga cikinsu yunwa ta kashe su. Irin ya tsira.

A 2008 aka buɗe babban rumbun iri na duniya a Svalbard, a ƙasar Norwe. Cikin dutse aka haƙa shi, a wuri mai tsananin sanyi. A 2015 ya yi rana: yaƙin Siriya ya raba masana da gidan irinsu na Halab, sai suka ɗauko ajiyarsu daga Svalbard suka sake shukawa.

Nijar ma tana da nata wurin. A Sadore, kusa da Yamai, cibiyar ICRISAT tana ajiye irin hatsi, dawa da gujiya.

Abin da ya shafi manomi

Tsofaffin da suka ga farin 1973 da na 1984 sun san zafin rasa iri. Gida da yawa sun ci irinsu. Da ruwa ya sauka, babu abin shukawa. Irin da kakanni suka zaɓa don ƙasar gari, idan ya ɓace, kuɗi ba su maido shi.

Don haka:

1. A zaɓi iri tun a gona, kafin girbi, daga tsakiyar gona, nesa da shibra.
2. A ɗauki zangarniya mai cika, wadda tsutsa ba ta taɓa ba.
3. A shanya ta bushe sarai, a ajiye ta dabam da hatsin ci.
4. Kafin damana a gwada: a ƙirga tsaba 100, a sa cikin jiƙaƙƙen tsumma a inuwa, a riƙa yayyafa ruwa. Bayan sati guda a ƙirga. Idan waɗanda suka tsiro ba su kai 80 ba, a nemi shawarar malamin gona.

Aikin masu yaƙi da jahilci

Yawancin littattafan saurare da Faransanci ko Ingilishi suke. Amma ɗaliban kowane gari suna iya yin nasu da Hausa. Su je wurin tsofaffi da salula, su tambaye su sunan kowane iri, inda ya fito, da kwana nawa yake yi kafin ya nuna. Su ɗauki murya, su kuma rubuta a takarda. Da dare a taru a saurara, wanda ya san ƙari ya faɗi. Ta haka yaran gari za su gaji irin tare da labarinsa.