Shin Ko Kun San? Kalanda Uku A Kan Kwali Ɗaya

Shin ko kun san yaron da ya tashi a Samaru yana rayuwa ne da lissafin lokaci iri uku? Makaranta na bin watannin bature, masallaci na bin ganin jinjirin wata, gona kuwa damina da kaka ta sani. Kalandar da ake rabawa a shaguna ba kasafai take haɗa ukun ba, shi ya sa wadda yaro ya zana da hannunsa ta fi amfani.

Ko kun san darasin ranakun mako yana nan cikin sunayen gida? Ladi da Ɗanladi na Lahadi ne, Altine ta Litinin, Talatu da Ɗantala na Talata, Larai da Balarabe na Laraba, Lami da Ɗanlami na Alhamis, Jummai da Ɗanjuma na Juma'a, Asabe da Ɗan'asabe na Asabar. A ja layi bakwai a kan kwali, yaro ya ajiye kowane ɗan'uwa a gidansa. Wanda ya ga sunan kakarsa a ƙarƙashin Laraba da wuya ya sake mantawa.

Ko kun san shekarar Hijira kwana 354 ce ko 355, wato ta gaza ta bature da kusan kwana 11? Dalilin ke nan da azumin 2015 ya kama a Yuni, cikin damina, na 2025 kuma a Maris. Sai bayan kimanin shekara 33 yake komawa inda ya faro. A zamanin Halifa Umar ɗan Haɗɗabi aka tsara wannan lissafi, aka fara ƙirga shi daga hijirar shekarar 622. A bar gurbin kwana na 30 da fensir, domin sai Sarkin Musulmi ya sanar daga Sakkwato ake sanin ko wata ya cika. A kuma nuna wa yaro cewa kwanan Musulunci da faɗuwar rana yake shiga, shi ya sa daren Juma'a ke rigan wuninta.

Ko kun san an taɓa kwanciya ranar Alhamis 4 ga Oktoba, 1582, aka wayi gari 15 ga wata? Fafaroma Gregory na 13 ne ya yanke kwana 10 don gyara lissafi, Ingila ba ta bi ba sai 1752. Shekara 380 cif bayan wannan Alhamis, a wata Alhamis 4 ga Oktoba, 1962, aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru.

A kalandar bature, Fabrairu kan samu kwana 29 kusan duk bayan shekara huɗu. Mai zuwa sai 2028.

Binciken noma a Samaru ya faro tun 1922, kuma manoman yankin sun san ruwa kan sauka wajajen Mayu, ya yi ƙarfi a Agusta, ya ɗauke a Oktoba. A bar yaro ya shafa kore a watannin damina, ya zana dami a kaka.

Iyaye da malamai, in kun shiga kasuwar Sabon Gari ku sayo kwali da rula da fensir mai launi. Ku rataye kalandar daidai tsawon yaron, shi zai riƙa soke kwanan da ya wuce kowace safiya.