Maraɗi: kayan agajin farko da kowane gida ke buƙata lokacin bakansi

Daga watan Yuli zuwa ƙarshen Satumba 'yan lakwal na hutu, damina kuma ta sauka. A unguwannin Maraɗi irin su Bagalam da Zariya, da garin Tibiri, da fadamun Jiratawa da ke bakin Gulbi, yara kan wuni a waje, da yawa ba takalmi. Ƙaya, fasasshen kwalba da tsohon kwano suna jiransu cikin taɓo.

Ƙaramin akwati ya isa: sabulu, ruwa mai tsabta, Bétadine, komfiras, bandeji, filasta, almakashi da farasitamol na yara. Ana samunsu a farmasi. A ajiye akwatin inda hannun yaro ba ya kai.

In yaro ya ji ciwo, a wanke hannu, a wanke raunin da ruwa da sabulu, a danne da komfiras har jini ya tsaya, sannan a rufe. Ƙuna kuwa, a yi ta zuba mata ruwan sanyi na minti 20. Kada a sa toka, ƙasa ko man goge haƙora; ƙasa na iya shigar da ƙwayar tetanos. Ba a ba yaro asfirin.

Rauni mai zurfi, sukar ƙusa, cizon kare ko saran maciji, da kumburi mai zazzaɓi, duka sai a garzaya CSI mafi kusa da katin rigakafin yaron. Lambar 'yan kwana-kwana ita ce 18.