Yadda Birtaniya Ta Yi Fama Da Tarin Fuka Na Shanu

Jama'a, ciwon shanu iri biyu ne. Akwai mai gaggawa, kamar bushiya, wadda in ta faɗa garke kafin mako biyu sai mushe ko'ina. Irin wannan kowa na tsoronsa, shi ya sa duniya ta haɗa kai har aka ga bayan bushiya a 2011. Akwai kuma mai laɓewa, wanda ba ya kisa nan da nan, sai ya yi ta cin dabba a hankali. Tarin fuka na shanu irinsa ne, shi za mu duba yau.

Saniya takan yi shekaru da ƙwayar ciwon nan a huhunta, tana kiwo, tana haihuwa, ana tatsarta, mai ita bai sani ba. Duk lokacin nan kuwa tana iya shafa wa 'yan'uwanta ta numfashi. In ciwon ya kai hantsa sai ya fita cikin madara, ɗan maraƙi ya sha, ɗan mutum ya sha. Kafin a ga rama da tari, ɓarna ta riga ta auku. Ba a kuwa yi wa shanu maganinsa, don ya yi tsada, kuma ba tabbas.

A Birtaniya, wajen 1934, an ƙiyasta cewa cikin shanun tatsa 100, wajen 40 suna ɗauke da shi. Mutum kamar 2,500 ke mutuwa kowace shekara ta dalilinsa, yara da yawa a cikinsu. To, a 1935 sai Gwamnati ta fito da shiri. Likitan dabbobi ya zo ya aske wuyan saniya, ya auna kaurin fata, ya yi 'yar allura cikin fatar. Bayan kwana 3 ya komo ya sāke aunawa. In wurin ya kumbura fiye da ƙima, akwai ciwo. Da fari ba a tilasta wa kowa ba, amma wanda garkensa ya fita lafiya ana ƙara masa kwabo a kan kowane galan na madara. Kwabon nan ya jawo manoma da yawa.

A 1950 aka shiga bin ƙasar yanki yanki, gwaji ya zama tilas. Saniyar da aka samu da ciwo a yanka ta, a biya mai ita diyya. Garken kuma a tsare shi, ba saye ba sayarwa, sai an sāke gwadawa an ga ya tsarkaka. Ku lura da diyyar nan, ita ce ginshiƙin aikin. In babu ita, wa zai nuna saniyarsa? Sai ya kai ta kasuwa a ɓoye, ciwo ya bi ta zuwa wani gari. A 1960 aka gama bin ƙasar duka. Ga kuma dafa madara a masana'anta kafin a sayar, watau a ɗora ta kan zafin digiri 72 na daƙiƙa 15, wanda ya kusan kawar da ciwon daga mutane.

Amma ba nan labarin ya ƙare ba. A kudu maso yammacin Ingila ciwon ya ƙi tafiya. A 1971 aka same shi jikin wata dabbar daji mai kama da dage, wadda ke yawo a makiyaya da dare. Sa'an nan a 2001 ciwon baki da kofato ya ɓarke, likitoci duk suka koma kansa, aka dakatar da gwaji watanni. Da aka zo mayar da garkunan da suka halaka, sai aka yi ta sayo shanu daga nesa, wasu ba a gwada su ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A 2018 an yanka shanu fiye da 30,000 a Ingila kaɗai saboda ciwon nan, yanzu kuwa 2038 suke fatan rabuwa da shi. Sikotlan, wadda ta tsananta gwajin shanun da ke shigowa, ta sami shaidar tsarkaka tun 2009.

Abin koyi a nan shi ne, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Makiyayi ɗaya, komai tsabtarsa, ba ya tsira muddin yana haɗa mashaya da kasuwa da wasu. Sai ƙasa ta tashi gaba ɗaya, da gwaji, da diyya, da lura da zirga-zirgar shanu, kuma kada a saki aiki don an ga sauƙi.

Ciwon nan akwai shi a ƙasarmu, ma'aikata suna ganin ƙullutunsa a huhun shanu a mayanka. Saboda haka ku tafasa madara kafin a sha ko a kwantar da ita, kada ku dogara da tsamin nono. Fatake, ku guji saniya mai rama da tari komai arharta. Mahauta, in ma'aikaci ya hana huhu, ku bar shi. Makiyayi kuma, in saniya ta daɗe tana ramewa alhali ga ciyawa, ware ta, ka sanar da ofishin likitan dabbobi. Allah Ya kiyaye mana dukiyarmu, amin.