Tsofaffin na'urorin wasan bidiyo na ƙara daraja

A watan Agustan shekarar 2021, an sayar da kaset guda ɗaya na wasan bidiyon nan mai suna Super Mario Bros. a kan kuɗi dala miliyan 2 a ƙasar Amurka.

Kaset ɗin, wanda kamfanin Nintendo na ƙasar Japan ya yi a shekarun 1980, bai bambanta da miliyoyin 'yan uwansa ba, illa dai ba a taɓa buɗe kwalinsa ba.

A garuruwan kudancin jihar Jigawa kuwa, kamar Birnin Kudu da Gwaram da Sundimina, idan na'urar wasan bidiyo ta tsufa ko ta lalace, galibi makomarta hannun 'yan gwangwan ne, waɗanda ke sayen kaya bisa nauyinsu.

Ko hakan na nufin jama'a na zubar da dukiya ba tare da sun sani ba? Amsar ta dogara ne ga irin na'urar, da yadda aka ƙera ta, da kuma abin da za a kashe idan aka ce yau za a sake ƙera irinta.

Yadda suka iso arewa

A arewacin Najeriya, akasarin matasa sun fara sanin wasan bidiyo ne a gidan gem, wato shago mai benci da talabijin biyu ko uku da janareta a bakin ƙofa, inda yaro kan biya kuɗi kaɗan ya buga wasa ɗaya, wanda aka cinye ya tashi ya ba wani wuri.

Wasannin ƙwallon ƙafa na kamfanin Konami, irin su Winning Eleven da Pro Evolution Soccer, da kuma wasan faɗa na Mortal Kombat, na daga cikin waɗanda suka fi farin jini a irin waɗannan wurare.

Da dama daga cikin na'urorin tokumbo ne, waɗanda aka riga aka yi amfani da su a ƙasashen waje. Sukan sauka a Legas, su bi ta kasuwar Alaba zuwa kasuwannin Kano kamar ta Sabon Gari, daga nan kuma 'yan kasuwa su kai su ƙananan garuruwa.

Kafin PlayStation ta yaɗu, abin da ya fi shiga gidaje shi ne wasu na'urori masu araha da ake yi a Taiwan da China, tare da kaset-kaset masu iƙirarin ɗauke da dubban wasanni, alhali 'yan ƙalilan ne ake ta maimaitawa. Waɗannan duk kwaikwayo ne na wata na'urar Nintendo mai suna Famicom.

Sirrin araha

Tarihin Famicom ɗin ne ya fi bayyana dalilin da ya sa na'urorin suka yi arahar da har suka kai ƙauyuka.

Lokacin da shugaban Nintendo na wancan zamani, Hiroshi Yamauchi, ya umarci injiniya Masayuki Uemura da ya ƙera na'urar, burinsa shi ne a sayar da ita a kan yen 9,800, kuɗin Japan.

Babban abin da ya tsaya musu shi ne tsadar 'yar ƙwaƙwalwar da ke sarrafa na'urar, wadda masu gyaran kayan lantarki ke kira ayisi. Domin a karya farashinta, Nintendo ya yi wa kamfanin Ricoh alƙawarin sayen guda miliyan 3 cikin shekaru biyu.

Duk da haka ba a cimma burin farko ba, domin a kan yen 14,800 na'urar ta fito a watan Yulin 1983. To amma daga bisani an sayar da sama da guda miliyan 61 a faɗin duniya.

Akwai kuma wata dabarar da manyan kamfanoni ke amfani da ita, wato sayar da na'ura a kan faɗuwa, sannan su mayar da kuɗinsu daga kason da suke karɓa a kan kowane wasa da aka sayar.

Alal misali, a shekarar 2006 kamfanin Sony ya sayar da babbar samfurin PlayStation 3 a kan dala 599 a Amurka, yayin da kamfanin bincike na iSuppli ya ƙiyasta cewa ƙera kowace guda na cin kimanin dala 840.

Tsadar sake ƙerawa

Masu sha'awar tsofaffin na'urori da ke ƙoƙarin sake ƙera su a yau ba su da ko ɗaya daga cikin waɗannan damammaki biyu.

Kafin na'ura ta farko ta fito, sai an biya injiniyoyi, an yi samfurin gwaji sau da dama, an sassaƙa mazubin ƙarfe da za a riƙa zuba robar jikinta, an kuma sami takardar shaidar inganci daga hukumomin ƙasashen da za a sayar da ita. Waɗannan kuɗaɗe ba sa raguwa, ko guda ɗari za a yi ko guda miliyan.

A ƙaddara cewa sun kai dala 500,000. Idan na'ura miliyan 5 aka yi, abin da zai hau kan kowace guda santi 10 ne kacal. Idan kuwa 5,000 ce, to kowace guda za ta ɗauki dala 100, tun ba a sayi waya ko ƙusa ɗaya ba.

Bugu da ƙari, an daina yin yawancin kayan cikin na asali. Shi kansa Nintendo ya daina ƙera Famicom a shekarar 2003, ya kuma daina karɓar gyaranta a 2007 saboda ƙarancin kayan gyara.

Wannan ne ya sa lokacin da wani ƙaramin kamfani na Amurka mai suna Analogue ya fito da na'urarsa ta Nt a shekarar 2015, sai da ya ciro ayisi daga jikin tsofaffin Famicom ya saka mata, ya kuma sayar da ita a kan dala 499.

Hanyoyi biyu suka rage ga masu wannan aiki. Ta farko ita ce rubuta manhajar da za ta sa kwamfuta ko wayar salula ta kwaikwayi tsohuwar na'ura. Tana da araha, sai dai a wasu lokuta sauti ko saurin wasan kan ɗan saɓa da na asali.

Ta biyu ita ce amfani da wani nau'in ayisi da ake kira FPGA, wanda ake iya tsara cikinsa ya yi aiki tamkar kayan asalin. Wannan ta fi kusa da gaskiya, amma aikin na buƙatar ƙwararru da lokaci mai tsawo.

Bambancin a fili yake a farashi. Nintendo ya bi hanyar farko a shekarar 2016 da na'urar NES Classic mai wasanni 30, a kan dala 60, kuma ya fitar da guda miliyan 2.3 cikin watanni shida. Na'urar Nt Mini ta Analogue, wadda ta bi hanya ta biyu a 2017, dala 449 ce.

Wasu kuma sun ɗauko abin da ya fi ƙarfinsu. A Birtaniya, an tara sama da fam 500,000 daga hannun jama'a ta intanet a shekarar 2016 domin ƙera na'urar ZX Spectrum Vega+, amma akasarin waɗanda suka biya ba su samu ba har aka rufe kamfanin a 2019.

Ba kowane tsoho ne dukiya ba

Da yake sake ƙerawa na da tsada, kuma na asalin kullum raguwa suke yi, masu tara irin waɗannan kayayyaki sun mayar da hankali ga waɗanda suka rage.

A watan Maris na 2020, kamfanin gwanjo na Heritage Auctions ya sayar da samfurin gwajin wata na'ura da Nintendo da Sony suka fara haɗa gwiwar yi kafin su raba gari, a kan dala 360,000. A watan Yulin 2021 kuma ya sayar da kaset ɗin Super Mario 64 a kan dala miliyan 1.56.

To sai dai waɗannan alƙaluma ka iya yaudarar mai karatu. A shekarar 2022 wasu masu saye sun shigar da ƙara a Amurka, suna zargin kamfanin Wata, mai tantance ingancin kaset, da hannu wajen zuzuta farashi, kuma farashin irin waɗannan kaya ya sauko bayan tashin da ya yi a 2021.

Abubuwa uku ne ke ba kaya daraja a wannan kasuwa: kasancewarsa na asali, da ƙarancinsa, da kuma lafiyarsa, musamman idan yana tare da kwalinsa da takardunsa.

Bisa wannan ma'auni, na'urorin kwaikwayo da kaset mai dubban wasanni ba su da wata ƙima ta kuɗi sosai. Haka ma faifan PlayStation da aka kwafa.

Ita kuwa PlayStation 2, wadda ta fito a shekarar 2000, an sayar da sama da guda miliyan 155, don haka ba ta yi ƙarancin da za ta azurta mai ita ba. Amma tun farkon 2013 aka daina yin ta, wanda ke nufin duk wadda aka farfasa ta tafi ke nan, tare da kayan cikinta da za su iya tayar da wata.

Abokan gaba

Ko a ajiye take, na'ura na lalacewa. Kafasitocin cikinta kan tsiyaye su ci fanel, batirin da ke riƙe bayanan wasa a cikin kaset kan mutu, idon da ke karanta faifai kuma kan raunana.

A yanki irin na Jigawa, zafin bazara da ƙurar hunturu da hawa da saukar wutar lantarki na ƙara gaggauta hakan.

Akwai kuma batun ƙarfin wuta. Japan na amfani da bolt 100, Amurka 120, Najeriya kuwa kimanin 230. Tsohuwar na'urar da aka yi domin Japan ko Amurka na iya ƙonewa nan take idan aka jona ta ba tare da abin rage ƙarfin wuta ba.

Hatta tsohuwar talabijin mai ƙaton baya na da nata amfanin, domin bindigar roba ta wasan harbin agwagwa na Duck Hunt ba ta aiki da talabijin ta bango.

Batun ya wuce na kuɗi kawai. Wani bincike da gidauniyar Video Game History Foundation ta Amurka ta wallafa a shekarar 2023 ya gano cewa kashi 87 cikin ɗari na wasannin da aka fitar a ƙasar kafin 2010 ba a sayar da su yanzu. A Japan kuma, Nintendo ya buɗe gidan tarihinsa a garin Uji a watan Oktoban 2024.

Ga mai tsohuwar na'ura a Sundimina ko Gwaram, abin da ya fi dacewa kafin ya miƙa ta ga 'yan gwangwan shi ne ya duba sunan kamfani da lambar samfurin da ke ƙasanta. Idan ta asali ce, ko da ba ta kamawa, tana iya yi wa mai gyara amfanin da ya zarce kuɗin da za a biya a kan nauyin robarta da tagullarta.