Adireshin Intanet: Daga Dama Ake Gane Mai Shi

Ɗan kasuwar da aka aiko wa saƙo ta wayar hannu, aka ce ya shiga wani adireshi, a misali cbn.gov.ng.tallafi-rance.com, domin ya cike takardar neman rance, yana iya zaton Babban Bankin Nijeriya ne ke nemansa, tun da ga sunan bankin nan a farkon layi. Alhali kuwa bankin ba shi da hannu a cikin irin wannan adireshi. Wanda ya yi rajistar tallafi-rance.com shi ne mai gidan, kuma duk abin da ya gabaci wannan suna shi ne ya ƙara da kansa, kamar yadda kowa ke iya rubuta abin da ya ga dama a allon ƙofar shagonsa. Adireshin bankin na gaskiya a cbn.gov.ng yake tsayawa, in kuwa wani abu zai biyo baya, sai an gitta alamar / tukuna.

Dalilin haka yana cikin tsarin sunayen intanet wanda wani Ba'amurke, Paul Mockapetris, ya fito da shi a shekarar 1983. An shirya sunayen ne kamar adireshin bayan ambulan, inda ake farawa da lambar gida a ƙare da sunan ƙasa. Saboda haka mafi girman iko yana can ƙarshen dama, sa'an nan yana raguwa ɗigo bayan ɗigo zuwa hagu. Masana sukan raba adireshin gida uku, kuma kalmomin nahawun Hausa sun dace da rabon. Akwai ɗafa-ƙeya, wato kamar com ko gov.ng, wadda ba mallakar mai shafi ba ce, a ƙarƙashinta ake yin rajista. Akwai sunan da aka yi wa rajista, kamar cbn. Sai kuma ɗafa-goshi, kamar www, wadda mai sunan ke da ikon ƙirƙira ko nawa yake so ba tare da ya biya ko kwabo ba.

A ido abin da sauƙi, amma ga kwamfuta akwai wuya. Bankin da ke tace dubban saƙonni a kowace rana, ko kamfanin da ke son sanin daga waɗanne shafuka masu sayen kayansa ke zuwa, dole ne manhajarsa ta iya fitar da sunan mai adireshi ita kaɗai. Dabarar da ta fi saurin zuwa wa mai rubuta manhaja ita ce ya ɗauki kalmomi biyu na ƙarshe. Wannan tana aiki ga google.com, amma da an zo kan buk.edu.ng sai ta ba da edu.ng, ta mayar da Jami'ar Bayero da sauran jami'o'in ƙasar nan tamkar gida ɗaya. Haka za ta yi wa duk kamfanonin da ke ƙarƙashin com.ng, da na co.uk a Ingila, da na co.za a Afirka ta Kudu. In kuma aka ce a ɗauki kalmomi uku, sai a ɓata lissafin com.

Babu wata ƙa'idar ƙidayar ɗigo da za ta warware wannan, domin kowace ƙasa ita ke tsara abin da ke ƙarƙashin harufanta. Nijeriya ta sami ng a 1995, kuma ƙungiyar NiRA da aka kafa a 2005 ita ce ke kula da rajistarsa. A nan ana iya yin rajista a ƙarƙashin com.ng ko org.ng, ana kuma iya yi kai tsaye a ƙarƙashin ng, wato tsari biyu a ƙasa guda. Bugu da ƙari, tun da hukumar ICANN ta buɗe ƙofar neman sababbin ɗafa-ƙeya a 2012, yawansu ya haura 1,000.

Mafitar da aka samu ita ce a rubuta su duka a jeri ɗaya. Jerin, mai suna Public Suffix List, gidauniyar Mozilla mai burauzar Firefox ce ta fara shi, kuma ya ƙunshi dubban layuka. A kansa ne kundayen manhaja irin su tldextract, wanda ake amfani da shi a harshen kwamfuta na Python, suka dogara. Aikin kundin shi ne a miƙa masa adireshi, ya duba jerin, ya nemi ɗafa-ƙeya mafi tsawo da ta dace, ya ɗauki kalmar da ke hagunta a matsayin sunan mai gida, sauran kuma ya zuba su a ɗafa-goshi. In aka ba shi www.cbn.gov.ng sai ya mayar da www, da cbn, da gov.ng. In aka ba shi adireshin damfarar nan na sama, sai ya nuna cewa tallafi-rance ne sunan, cbn.gov.ng kuwa ado ne kawai.

Amfanin jerin ya wuce nan. Manyan burauza da shi suke hana wani shafi ajiye shaidar shiga da za ta shafi dukan maƙwabtansa na com.ng, wanda in ba haka ba da shagon wani ya iya kutsa kai cikin harkar abokan cinikin wani. Hukumar Let's Encrypt, mai ba da takardun tsaron shafi kyauta, da shi take ƙidaya yawan takardun da za ta ba kowane suna a mako.

Abin mamaki shi ne, wannan jeri da dukiya mai yawa ta jingina a kansa 'yan sa-kai ne ƙalilan ke kula da shi. An ga haɗarin haka a 2021, lokacin da kamfanin Apple ya tsaurara ƙa'idar bin sawun masu wayoyinsa, shi kuma Facebook ya taƙaita wa masu talla abubuwa 8 kacal da za su iya aunawa a kowane suna. Dandalin da ke ba ƙananan 'yan kasuwa hayar shago a ƙarƙashin sunansa sai ya zama dukan 'yan hayarsa 8 ɗin nan za su raba. Da aka nuna musu cewa shiga jerin zai sa a ƙidaya kowane shago daban, sai buƙatu suka yi ta kwarara, har masu kula da jerin suka koka cewa an aza musu kayan da ba nasu ba.

Wannan batu na 'yan haya yana da muhimmanci ga duk kamfanin da ke sa a rubuta masa manhaja. Jerin kashi biyu ne: na hukumomin rajista, da na kamfanoni masu ba da haya irin su github.io. Shi tldextract ba ya la'akari da kashi na biyu sai an umurce shi, don haka yana iya haɗa 'yan haya dubu ya kira su mutum ɗaya. Har ila yau jerin yana sauyawa a kai a kai, kuma manhajar da ke riƙe da tsohon kwafi za ta riƙa yanka adireshi a inda bai kamata ba. Ya kyautu manaja ya tambayi mai rubuta masa manhaja waɗannan abubuwa biyu kafin ya sa hannu a takardar biyan kuɗi.

Kundin dai yana faɗin sunan ne kurum, ba ya faɗin halin mai shi. Harafi ɗaya da aka sauya, ko lamba 1 da aka sa a gurbin harafin l, sun isa su samar da sabon suna mai rajista sahihiya. Kuma a Nijeriya, kamfanin da ya mallaki sunansa a com.ng bai mallake shi a ng ba, sai ya yi rajista ta biyu ya biya kuɗinta daban.